Sharhi kan Vim: editan da ke wahalar da mutum mako biyu, ya yi masa aiki shekaru

Duk wanda aikinsa ya kai shi shiga sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, daga nesa ta hanyar SSH zai ci karo da Vim, editan rubutu da ke aiki a cikin taminal, allon da ake buga wa kwamfuta umarni, ko yana so ko ba ya so. Ka rubuta `git commit` ba tare da saƙo ba, ko ka buga `crontab -e` ko `visudo`, sai ka tsinci kanka a wani baƙin allo mai alamar `~` jere a gefen hagu, ka danna haruffa ba sa fitowa, ka nemi ƙofar fita ka rasa. A 2017 tambayar yadda ake fita daga Vim ta haura kallo miliyan ɗaya a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa manhajar ba ta iya tarbar baƙo ba. Sai dai rashin iya tarbar baƙo daban, rashin iya aiki daban, kuma a wajen aiki da wuya a sami editan taminal da ya kama ƙafarsa.

Asalinsa wani tsohon edita ne mai suna vi, wanda Bill Joy ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1976. Na'urar da ya yi aiki da ita, ADM-3A, ba ta da maɓallan kibiya na daban. An zana kibiyoyin ne a kan `h`, `j`, `k` da `l`, kuma maɓallin Esc yana kusa da hannu, wajen da Tab yake a kibod ɗin yau. Abin da ya sa ake yawo da waɗannan haruffa huɗu ke nan har gobe. Vim kuwa Bram Moolenaar ne, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da shi a 1991 don kwamfutar Amiga, ya kuma ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a watan Agustan 2023. Sigar 9.0 ta fito a 2022, ta 9.1 a farkon 2024. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Abin da Moolenaar ya roƙa kawai shi ne wanda ya ji daɗinsa ya taimaka wa yara mabuƙata a Kibaale ta ƙasar Yuganda.

Tun daga girkawa ake fara tuntuɓe. A Debian da Ubuntu, abin da ke zuwa da tsarin shi ne `vim.tiny`, wata ƙaramar siga da aka rage wa kaya. In ka buga `vi` ka shiga rubutu, ka danna kibiya, sai ka ga A, B, C, D suna fitowa a sababbin layuka, Backspace kuma ya ƙi gogewa yadda ka saba. Kibod ɗinka lafiya lau yake. Ƙaramar sigar ce ke kwaikwayon tsohon vi. Maganin shi ne `sudo apt install vim`. Da shi ne `vimtutor` ke zuwa, da launin rubutun shiri, da cikakken littafin taimako. Wanda ke koyo a wayar Android zai iya sa Termux, manhajar da ke ba wayar taminal, ya buga `pkg install vim`. Akwai ESC a jerin maɓallan da ke saman kibod, maɓallin rage sauti kuma yana tsayawa a madadin Ctrl.

`vimtutor` shi ne abu mafi kyau a cikin kunshin ga mai farawa. Darussa bakwai ne da ake gamawa cikin kamar minti 30, kuma kwafin fayil yake buɗe maka, don haka ka ɓata yadda ka ga dama. Akwai fassarar Faransanci da `vimtutor fr`, abin da zai yi wa 'yan Nijar daɗi. Shawarar da ta dace ita ce a maimaita shi sau uku a ranaku daban-daban, domin yatsu ne ke koyon Vim, kuma yatsu ba sa riƙe abu a zama ɗaya. Aibinsa shi ne yana koyar da maɓallai ɗaya bayan ɗaya, bai fito da ƙa'idar da ta haɗa su fili ba. Mutum zai iya gama shi yana zaton hadda ce kawai a gabansa.

Ga ƙa'idar. Vim yana da yanayi-yanayi. Wanda yake buɗewa da shi shi ne yanayin umarni, inda kowane harafi umarni ne. Ka danna `i` ka shiga yanayin rubutu, za ka ga `-- INSERT --` a ƙasan allo, Esc kuma ya mayar da kai. Kuskuren da ke hana mutane ci gaba shi ne su shiga yanayin rubutu su tare a can, suna yawo da kibiyoyi, suna goge harafi ɗaya-ɗaya. Mai yin haka ya ɗauki wahalar Vim ya bar ribarsa. Yanayin umarni ne gida. Rubutu shiga ake yi a fito: ka rubuta abin da ya kawo ka, ka danna Esc nan take. In Esc ya yi wa yatsanka nisa, `Ctrl+[` aikinsu ɗaya.

A cikin yanayin umarni, umarnin yana da tsari irin na jimla: aikatau, sannan abin da aikin zai faɗa wa. `d` gogewa ne, `c` canzawa, wato gogewa tare da shiga rubutu, `y` kuma kwafa. A ɗaya ɓangaren `w` kalma ce, `$` ƙarshen layi, `ap` sakin layi guda, `i"` abin da ke tsakanin alamun zance, `t,` har zuwa waƙafi na gaba. Ka koyi aikatau uku da abubuwa goma, ka sami umarni talatin ba tare da ka haddace talatin ba. Ana kuma sa lamba a gaba: `3dw` kalmomi uku, `5j` layi biyar ƙasa.

Ɗauki wannan layi a fayil ɗin saiti:

`server_name "tsohon-suna.example.com";`

Mai kibiya zai yi tafiya har ƙarshen sunan, ya danna Backspace sau ashirin da wani abu, yana fargabar kada ya cinye alamar zancen. A Vim, ko da alamar rubutunka tana farkon layin, ka buga `ci"`. Abin da ke tsakanin alamun biyu ya ɓace, alamun suna nan, kana kuma cikin yanayin rubutu a daidai gurbin. Ka rubuta sabon suna, Esc. Yanzu in akwai wani layin mai buƙatar gyara iri ɗaya, ka je kansa ka danna `.` kawai. Ɗigon nan yana maimaita canjin ƙarshe gaba ɗayansa, tun daga gogewar har rubutun da ka shigar. A ganina babu maɓallin da ya kai shi daraja a Vim, kuma shi ne dalilin da ya sa ake fita daga yanayin rubutu da wuri: duk abin da ka yi daga shiga zuwa Esc canji ɗaya ne, wanda `.` zai maimaita, `u` kuma ya warware shi a bugu guda. Wanda ya yi minti goma yana rubutu bai fito ba, `u` ɗaya zai iya kwashe masa aikin minti goman. `Ctrl+R` na dawo da abin da aka warware.

Haɗa ɗigon da bincike, aiki ya ƙara sauri. Ka tsaya a kan kalma ka danna `*`, Vim ya nemo sauran wuraren da take. `cgn` zai canza wadda aka samu, sannan kowane `.` ya tsallaka ta gaba ya canza ta, `n` kuma ya wuce wadda ba ka son taɓawa. In canjin na fayil ne gaba ɗaya, `:%s/tsoho/sabo/gc` zai tambaye ka a kowane wuri. Harafin `c` na ƙarshe shi ne mai tambayar, kuma bai kamata sabon hannu ya bar shi ba. Ga fayil ɗin rahoton sabar mai dubban layuka, `:g/DEBUG/d` na share duk layin da ke da kalmar, `:v/ERROR/d` kuma ya bar masu ERROR kaɗai. Don sa `#` a gaban layuka goma: `Ctrl+V`, `9j`, babban `I`, `#`, Esc. Alamar ba ta bayyana a sauran layukan sai bayan Esc, mutane da yawa kan zaci bai yi ba su fasa.

Fita da adanawa ba su da yawa: `:w` adanawa, `:q` fita, `:wq` duka biyu, `:q!` fita a watsar da gyaran. Saƙon E37 na nufin akwai gyaran da ba ka adana ba. E45 ko E212 kuwa yawanci na nufin ka buɗe fayil ɗin da ke ƙarƙashin `/etc` ba tare da izinin mai gida ba, wato mai kula da na'urar. In ka riga ka yi gyaran, `:w !sudo tee % > /dev/null` zai cece ka, amma hanyar da ta fi tsabta ita ce `sudoedit` tun farko, domin yana buɗe maka kwafi da saitinka, ya mayar da shi gurbinsa in ka gama.

Akwai tarkuna kaɗan da ke sa mutum ya zaci manhajar ta lalace. Caps Lock ne na farko: `j` ya zama `J` mai haɗe layuka, `k` ya zama `K` mai buɗe littafin bayani. Ka ga layukanka na hawa kan juna, duba fitilar Caps Lock kafin komai, sannan `u`. Hannun da ya saba adanawa da `Ctrl+S` zai iya daskarar da allon a wasu taminal; `Ctrl+Q` ke sake shi. `Ctrl+Z` ba warwarewa ba ne a nan, jingine Vim yake yi ya mayar da kai taminal, `fg` ke dawo da shi. Wanda bai sani ba sai ya sake buɗe fayil ɗin, ya zama edita biyu a kan fayil ɗaya. In ka ga `recording @w` a ƙasa, ka danna `q` bisa kuskure ne ya fara naɗar maɓallanka; sake danna `q`. Wannan naɗar in an yi ta da gangan babban makami ce: `qa`, ka yi gyaran layi ɗaya ka sauka na gaba, `q`, sannan `50@a` ya yi wa layi hamsin.

Inda Vim ya cancanci yabo na musamman a wajenmu shi ne lokacin da wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke ana tsakiyar aiki. Muddin fayil na buɗe, Vim na riƙe da wani ɓoyayyen fayil a gefensa, mai ƙarewa da `.swp`, yana zuba gyaranka a ciki bayan kowane harafi 200 ko in ka yi daƙiƙa 4 ba ka taɓa komai ba. Da ka dawo ka sake buɗewa, zai tare ka da dogon saƙon E325 da zaɓuɓɓuka. Kada ka yi gaggawar danna E, zaɓin ci gaba da gyara duk da gargaɗin. Duba layin `process ID` tukuna: in an rubuta cewa yana gudana har yanzu, to tsohon Vim ɗin bai mutu ba, ko kuma wani abokin aiki na cikin fayil ɗin. In ya mutu, danna R don farfaɗo da gyaran, ko ka buga `vim -r sunan-fayil`. Ka adana abin da ya farfaɗo da wani suna, ka gwada su biyun da `vimdiff`, in ka gamsu ka goge `.swp` ɗin da hannunka. Vim ba ya goge shi bayan farfaɗowa, shi ya sa wasu ke ganin saƙon kullum har su saba danna E ido rufe, ranar da gargaɗin ya zama na gaske kuma ba za su lura ba. Wanda layinsa ke yawan yankewa ya buɗe `tmux`, manhajar da ke riƙe aikin taminal ko haɗi ya yanke, a kan sabar kafin ya shiga Vim. In ya dawo, `tmux attach` zai same shi inda ya tsaya.

Wannan fayil na `.swp` yana da haɗarinsa. In ka gyara fayil mai ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai a cikin foldar shafin intanet, haɗin ya yanke, `.swp` ɗin zai zauna a wurin, kuma sabar da ba a hana ta ba za ta iya miƙa shi ga duk wanda ya nemi sunansa. Gara a tattara su a wuri guda tun farko.

Nan ne maganar `~/.vimrc`, fayil ɗin saitin Vim, ta shigo, kuma akwai wani abu da ke rikita mutane. Tun daga siga ta 8.0, in ba ka da `.vimrc`, Vim na ɗora wani saiti mai kyau da ake kira `defaults.vim`. Ranar da ka ƙirƙiri naka, ko da layi ɗaya ne a ciki, sai ya daina ɗora shi, ka ga abubuwan da ka saba da su sun ɓace. Don haka layin farko ya zama mai kiran sa. Wannan ya ishi mai farawa:

`source $VIMRUNTIME/defaults.vim`
`set number hlsearch ignorecase smartcase`
`set undofile undodir=~/.vim/undo`
`set directory=~/.vim/swap//`
`set mouse=`

Foldojin biyu kai za ka ƙirƙire su da `mkdir -p ~/.vim/undo ~/.vim/swap`, Vim ba zai yi maka ba. Da `undofile`, `u` na aiki ko bayan ka rufe fayil ka dawo washegari, `:earlier 10m` kuma ya mayar da shi yadda yake minti goma da suka wuce. Layin ƙarshe na ƙwace linzami daga hannun Vim ya mayar wa taminal, don ka iya zaɓar rubutu ka kwafa kamar kullum. Ban ga amfanin kwaso `.vimrc` mai layi ɗari biyar na wani daga intanet ba. Ranar da ka shiga sabar da ba ta da shi, hannunka zai nemi maɓallan da babu su. Haka ma fulogin, wato ƙarin kayan da ake ɗora wa Vim: a bar su sai an yi wata guda da Vim tsurarsa.

Kwafa da liƙawa su ne inda Vim ya fi ba da haushi, kuma a nan laifinsa ne. Ka kwafi layi da `yy`, ka goge wanda za ka maye gurbinsa da `dd`, ka danna `p`, sai abin da ka goge ya dawo. Dalili shi ne gogewa ma tana zuba abin da ta ɗauke a ma'ajiya ɗaya da kwafa. Abin da ka kwafa bai ɓata ba, yana ma'ajiya ta sifili, `"0p` zai fito da shi, ko ka goge da `"_dd` wanda ba ya ajiye komai. Sannan `y` ba ya kai rubutu ma'ajiyar kwafi ta kwamfutar, sai ka ce `"+y`, shi ma sai in an gina Vim ɗin da wannan damar. `vim --version | grep clipboard` zai nuna maka. In ka ga alamar ragi a gaban kalmar, a Debian da Ubuntu sai ka girka `vim-gtk3`. In kuma ka liƙa rubutun shiri ya fito kamar matakala, kowane layi ya fi na samansa shigewa ciki, buga `:set paste` kafin liƙawa, `:set nopaste` bayan ka gama. Sababbin sigogi a taminal na zamani sun rage wannan matsala, amma tana nan a tsofaffin sabar.

Fayil ɗin da ya fito daga Windows ma yana da nasa. Vim na ɓoye ƙarshen layinsa, ya rubuta `[dos]` a ƙasa lokacin buɗewa. Ka gudanar da rubutun bash ɗin, ya ce `bad interpreter` da `^M` a maƙale. `:set ff=unix` sannan `:w` ya gama magana. In `^M` na bayyana a fili a wasu layuka, fayil ɗin gauraye ne, `:%s/\r$//` zai share su.

Ga mai rubutun Hausa, Vim ya fi yadda ake zato. A yanayin rubutu, `Ctrl+V` sannan `u0199` na ba da ƙ, `u0253` ɓ, `u0257` ɗ, `u01b4` kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ba wanda zai jure buga wannan a kowace kalma, don haka a sa layuka biyu a `.vimrc`:

`digraphs b' 595 d' 599 k' 409 y' 436`
`digraphs B' 385 D' 394 K' 408 Y' 435`

Daga nan `Ctrl+K`, `k`, `'` ya ba ka ƙ. In kana shakkar wani harafi, tsaya a kansa ka buga `ga` ya faɗa maka lambarsa. Tsohon rubutun da aka yi da k' da d' ana gyara shi da `:%s/k'/ƙ/gc`, haka mai mayar da rubutun Najeriya zuwa ƙa'idar Nijar zai yi `:%s/'y/ƴ/gc`. Matsala ɗaya ita ce alamar ɗauri: Vim na ɗaukar ta a matsayin rabuwar kalma, don haka `dw` a kan "ma'aikata" zai goge "ma" kawai ya tsaya. `:setlocal iskeyword+=39` na gyara wannan, amma a fayilolin rubutu kaɗai, domin a rubutun shiri alamar tana da wani aikin. Vim bai zo da ƙamusun duba kuskuren Hausa ba. Wanda ke da jerin kalmomi, kalma ɗaya a kowane layi, zai iya gina nasa da `:mkspell`. Masu kibod ɗin Faransanci kuma su san cewa `h j k l` suna wurinsu, amma lambobi na buƙatar Shift, `[` da `{` na buƙatar AltGr, abin da ke sa umarni irin `5j` ya ɗan yi nauyi a hannu.

Neovim, wanda ya ɓalle daga Vim a 2014, yana amfani da maɓallai iri ɗaya, ana saita shi da harshen Lua, kuma ya fi dacewa da wanda ke son mayar da editansa cikakken wurin rubuta manhaja. Duk abin da ka koya a ɗaya zai yi maka aiki a ɗayan. Bambancin shi ne vi yana cikin ƙa'idar POSIX, wadda ta tsara kayan aikin da ya kamata a samu a na'urori irin su Linux, don haka kusan kowace na'urar Linux ko BSD za ka same shi ko ɗan'uwansa a ciki, Neovim kuwa sai ka girka.

Ba kowa ne ya kamata ya sha wannan wahala ba. Wanda ke taɓa fayil ɗin saiti sau biyu a wata, nano, wani edita mai sauƙi, ya ishe shi, babu kuma abin kunya a ciki. Chris Allegretta ya fara shi a 1999 a matsayin madadin wani edita mai suna Pico, yana rubuta umarninsa a ƙasan allo, `Ctrl+O` adanawa, `Ctrl+X` fita, `Ctrl+W` bincike, kuma Fedora ta mayar da shi editanta na asali tun siga ta 33. Abin da ba shi da shi shi ne tsarin jimlar nan da ɗigon maimaitawa, don haka saurin da ka yi a makon farko shi za ka yi ta yi. Wanda kuwa ke yin awa ɗaya ko fiye a kullum cikin taminal, ya sa ran mako biyu na jinkiri da jin haushi kafin hannunsa ya faɗa, kuma kada ya fara koyon a kan sabar da mutane ke amfani da ita. Kafin lokacin, `git config --global core.editor nano` zai hana Git jefa shi cikin Vim ba shiri, `export EDITOR=nano` a `~/.bashrc` kuma ya yi wa `crontab -e` haka. Ranar da `ci"` da `.` suka zauna a yatsunsa, sai ya canza kalmar ƙarshe a layukan biyu zuwa `vim`.